Yadda zaka fita da kyanwarka ko karenka daga Birtaniya zuwa Turai tun bayan Brexit

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun dogon hutun makaranta da ya wuce da muka ɗauki mota muka je Beljiyam wajen yayata, da kyanwar yarana a kujerar baya, tambaya ɗaya ake ta yi min. A waya ake min ita, a wajen ɗaurin aure an min, har bayan sallar Juma'a wani bawan Allah ya tsayar da ni a bakin masallaci yace wai da gaske ne ana iya tsallakawa da mage yanzu, shi ya ji ance tunda Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, wato Brexit, an hana. Ba a hana ba. Hanyar ce ta canza kuma ta ƙara tsada, shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai a jere yadda na bi shi.

Daga ranar 1 ga Janairun 2021 wancan ɗan littafin fasfo na dabba da likitocin Ingila da Sikotland da Wales suke bayarwa ya daina aiki wajen shiga ƙasashen Tarayyar Turai. In kana da shi ka ajiye shi saboda tarihin alluran da ke ciki, amma bazai tsallakar da kai ba. Yanzu takardar lafiyar dabba ake nema, wadda kowa ke kira AHC, kuma duk tafiya sai ka yi sabuwa. Wannan tsarin na kare ne da kyanwa da ferret, wata 'yar dabba doguwa mai kama da tunku da Turawa ke kiwo a gida. Mai aku ko zomo ko tattabara, naka tsarin daban ne.

Abin da na lura yana kayar da mutane a bakin iyaka kusan kullum lissafin kwanaki ne. Mutum ya biya kuɗi ya haɗa takardu tsaf, sai a ce masa allurar haukan kare ta riga cip (ɗan abin shaida da ake saka wa dabba a ƙarƙashin fata), ko awannin maganin tsila basu cika ba, a juyo da shi gida ga yara na kuka a mota. Don haka ka samu kalanda da biro kafin ka ci gaba da karatu.

1. Fara tsaida rana da hanya, sannan ka ƙirgo baya

Kafin ka kira wani likita ka san ranar da zaka shiga Turai da kuma ƙasar da ƙafarka zata fara takawa. Ƙasar farko tana da muhimmanci domin takardar AHC da harshe biyu ake buga ta, Turanci da harshen ƙasar da zaka fara shiga. In Jamus zaka je amma ta Calais zaka bi, takardarka ta Faransanci ce. In jirgin ruwan Harwich ko Hull ko Newcastle zaka hau, Holan zaka fara sauka, kaga ta harshen Holan za a yi maka.

Hanyoyin da mutane suka fi bi: jirgin ƙasan LeShuttle da ke ɗaukar motoci ta ƙarƙashin teku daga Folkestone zuwa Calais, minti 35 ne kuma kana zaune a cikin motarka tare da dabbar, ni shi na fi so wallahi musamman ga kyanwa mai tsoro. Sai jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais wajen awa ɗaya da rabi, a mafi yawansu dabbar a mota take zama a ƙasan jirgi ku kuna sama, wasu jiragen suna da ɗaki na masu karnuka amma sai ka kama shi da wuri. Kuɗin dabba a kan waɗannan hanyoyin wajen fam 15 zuwa 25 ne kowane tsallakawa.

Gargaɗi: Eurostar, jirgin ƙasan fasinja daga Landan zuwa Faris ko Brussels, baya ɗaukar dabbobin gida sam, sai karen da ke yi wa makaho ko nakasasshe jagora. Mutane da yawa suna haɗa shi da LeShuttle saboda rami ɗaya suke bi, kar ka sayi tikitinsa kana tunanin zaka shiga da kwando a hannu.

In dabbarka bata taɓa yin allurar haukan kare ba ka ba kanka aƙalla wata ɗaya, ni dai sati shida nake cewa mutane saboda samun lokacin ganin likita a lokacin hutu ba ƙaramin aiki bane.

2. Cip tukuna, kafin komai

Cip ɗin nan ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa da allura a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, yana ɗauke da lamba 15. Kuɗinsa wajen fam 15 zuwa 35. Mafi yawanmu mun riga mun yi, domin dole ne ga karnuka tun 2016, kuma a Ingila ya zama dole ga kyanwoyi tun 10 ga Yunin 2024.

Abin da zaka kula da shi shine jerin ranaku. Dole ranar saka cip ta riga ranar allurar haukan kare, ko su zama rana ɗaya a saka cip ɗin sannan a yi allurar. In aka yi allura yau aka saka cip sati mai zuwa, to a wajen hukuma wannan allurar bata da mai ita, babu abin da ke nuna wannan dabbar aka yi wa, sai an sake sabuwa an sake jira daga farko.

Duk zuwan da zaka yi asibiti kace su ɗora na'ura su karanta cip ɗin a gabanka, ka duba lambar da idonka ka haɗa da wadda ke katin allura. Cip yana iya zamewa daga inda aka saka shi ya gangara gefen wuya ko haƙarƙari, gara ka san inda naka yake tun a gida. Sannan ka shiga shafin kamfanin da ka yi rajistar cip ɗin, irin su Petlog, ka tabbatar lambar wayarka ta yanzu ce a ciki kuma da +44 a gabanta, saboda in kyanwa ta kuɓuce maka a wata tashar mai a Faransa ta nan kawai za a neme ka.

3. Allurar haukan kare

Nan mutane suke ruɗewa sosai. Za kaji mutum yace ai tawa duk shekara ana yi mata allura. Eh ana yi, amma alluran shekara-shekara da ake yi a Birtaniya babu ta haukan kare a ciki, domin babu cutar a karnuka da kyanwoyin ƙasar, sai ka buɗe baki ka nema da kanka. Kuma kar sunan ya yaudare ka, kyanwa ma dole a yi mata.

Dole dabbar ta kai sati 12 da haihuwa kafin a yi mata. Bayan allurar farko sai ka jira kwana 21 cif, ranar da aka yi allurar ba a ƙirga ta. Aka yi ranar 1 ga wata, ranar 22 ce ta farko da ta halatta. Kenan ɗan kwikwiyo ko 'yar mage da basu kai sati 15 ba babu inda za su je, in an haifa maka ƙanana ana gab da tafiya ka nemi wanda zai riƙe maka su. Kuɗin allurar yana kamawa wajen fam 50 zuwa 90, ya danganta da gari.

Ka tabbatar an rubuta waɗannan a katin: lambar cip, ranar haihuwar dabbar, sunan maganin da lambar kwalbarsa, ranar da aka yi, da ranar da zata ƙare, da sa hannun likita. Wasu alluran shekara 3 suke yi wasu shekara 1.

Gargaɗi: in ka sabunta allurar kafin tsohuwar ta ƙare babu jiran kwana 21. In ka bari ta ƙare ko da kwana ɗaya ne, ta koma allurar farko, jira ya dawo sabo. Ni a wayata na saka ranar da ƙararrawa wata biyu kafin lokaci.

4. Nemo likitan da ke da izinin sa hannu

Ba kowane likitan dabbobi ke iya ba da AHC ba. Sai wanda gwamnati ta ba izini na musamman, suna ce masa OV. Ka kira asibitinku ka tambaya kai tsaye ko suna da OV kuma wace rana yake zuwa, wani asibitin mutum ɗaya ne tal kuma ba kullum yake nan ba. In babu, za su iya tura ka wani wajen, kuma ba dole bane sai asibitin da ka saba, kana iya karɓar tarihin alluran dabbarka ka kai wa wani.

Nan ne kuɗi yake tafiya. Yawanci fam 100 zuwa 200 ne takarda ɗaya, a Landan akwai inda ya wuce haka. Dan Allah ka kira wurare uku ko huɗu kafin ka yanke, bambancin yana da yawa, kuma akwai likitocin da aikinsu kenan kawai kusa da Folkestone da Dover da wasu manyan garuruwa, ka tura musu bayanai ta intanet su shirya takardar ka biya ka karɓa a hanya, su sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Takarda ɗaya tana ɗaukar dabbobi har 5 in duk naka ne kuma tare za ku tafi, ana ƙara ɗan kuɗi kaɗan a kan kowace ƙarin dabba, to kar ka yarda a yi maka biyu don kana da kyanwa biyu. Fiye da 5 kuma ya fita daga wannan tsarin, sai in gasa ko baje koli za ku je kuma kana da shaidar rajista a rubuce.

Lokaci: dole a ba da takardar cikin kwana 10 kafin ka shiga Turai, kuma sai kwana 21 na allura sun cika za a sa mata hannu. Kar ka kama rana ta goma daidai, jirgi na iya ɗagawa ko yaro ya kwana da zazzaɓi ku ƙara kwana, takarda ta mutu. Kar kuma ka bari sai ana gobe tafiya, in an samu kuskure babu lokacin gyara. Kwana 4 zuwa 6 kafin tafiya shine daidai a ganina.

Wasu za su ce maka ka yi wa dabbar fasfon Tarayyar Turai a Faransa ko Sifen in ka je, ka huta da AHC. Wannan fasfon na mazauna can ne, kuma likitan Birtaniya bashi da hurumin rubuta allurar haukan kare a cikinsa, in ya rubuta ma ya ɓata shi. In gidanka a Birmingham yake ko Manchester kar ka ɗora tafiyarka a kansa. Su kuma 'yan uwanmu da ke zaune a Jamus ko Italiya ko Beljiyam, fasfonsu na can yana shigo da su Birtaniya lafiya lau, maganin tsila kawai za su ƙara in kare ne.

Na san kun ji labarin taron da aka yi a Landan ranar 19 ga Mayun 2025 tsakanin Firaministan Birtaniya na lokacin, Keir Starmer, da shugabannin Tarayyar Turai, inda aka yi maganar dawo da fasfon dabbobi a cikin yarjejeniyar abinci da dabbobi da za su ƙulla. Magana ce mai daɗi kuma ina fatan ta tabbata, amma ma'aikacin da ke bakin iyaka da dokar da ke hannunsa ranar yake aiki. Kafin kowace tafiya ka buɗe shafin gwamnati na gov.uk ka karanta ɓangaren fita da dabba ƙasar waje, minti biyar ne.

5. Ranar karɓar takarda, kar ka fita sai ka karanta

Ka je da dabbar, dole likita ya karanta cip ɗinta da hannunsa. Ka je da katin allura na asali da shaidar ranar saka cip. Wanda sunansa zai hau takardar shi ya kamata ya je, domin akwai shafin da zai sa hannu cewa dabbar tasa ce ba sayarwa zai kai ta ba.

Takardar shafuka ce da yawa, wajen goma, kowane shafi da hatimi. Zauna a nan cikin asibitin ka bi ta layi-layi. Mu a tafiyarmu ta farko an juya lamba biyu a lambar cip, inda ya kamata a rubuta 47 aka rubuta 74, matata ce ta gano da daddare tana haɗa kaya, Allah ya taimake mu da sauran kwana uku muka koma aka gyara aka buga hatimi a kan gyaran. Da sai a Folkestone za mu sani, kuma a can babu mai sauraron cewa laifin asibiti ne. Abubuwan dubawa: lambar cip ɗaya bayan ɗaya, ranar saka shi ta riga ta allura, sunanka yadda yake a fasfonka, harshen takardar ya dace da ƙasar farko, sa hannu da hatimi da tawada mai launi ba baƙa ba, sannan an maƙala kwafin katin allura mai hatimi a baya. In an yi gyara ko ina dole likita ya sa hannu a gefensa. Kai kar ka taɓa ta da biro, kar ka cire ƙusar da aka haɗa shafukan da ita don zaka yi hoto.

In ba kai zaka tafi da dabbar ba, misali ƙaninka zai tuƙa mota da ita kai ka bi jirgin sama, ka faɗa wa likita tun farko, za a saka sunansa kuma ka rubuta masa izini, sannan tsakanin tafiyarka da ta dabbar kar ya wuce kwana 5. Ya wuce haka sun ɗauke shi fatauci, wata takarda ce daban mai wahala.

Bayan ka shiga, takardar tana ci gaba da aiki na wasu watanni don yawo tsakanin ƙasashen Turai da kuma dawowa gida, wata 4 aka sa lokacin da aka fara tsarin, matuƙar allurar bata ƙare a tsakani ba. Ka sa likita ya nuna maka ranar ƙarshe a takardarka. Amma shiga sau ɗaya take yi, ka dawo Ingila ko da bayan kwana biyu ne, tafiya ta gaba sabuwa zaka biya.

Gargaɗi ga masu kare: in Ireland ko Finland ko Malta ko Norway zaka shiga kai tsaye, sai an ba shi maganin tsila tun a nan kafin ka tafi, awa 24 zuwa 120 kafin isa, a rubuta a takardar. Sannan ka bincika irin karenka, Faransa da Jamus da Denmark duk suna da nau'ukan da suka hana ko suka gindaya wa sharuɗɗa, musamman dangin pitbull da masu kama da su, Faransa ma ta kan siffar kare take hukunci in bashi da takardar asali.

6. Kayan tafiya, da maganar abinci

Wannan mutane basu sani ba: tun bayan fitar nan ba a shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko madara ko abin da aka yi da su, kuma abincin kyanwa da na kare nama ne a cikinsa. Abin da aka yarda shine har kilo 2 na abinci na musamman da dabba ke ci saboda rashin lafiya, a cikin ledarsa ko gwangwaninsa na kamfani, wanda baya buƙatar firji. In taka tana kan irin wannan ka karɓi 'yar wasiƙa daga likita. In lafiyarta ƙalau ka duba tun a gida ko ana sayar da irin abincinta a can, yawancin manyan kamfanonin suna ko ina, ka saya da zarar ka tsallaka. Haka dokar take a kan guzurinku ma, kilishi da dambun nama da aka kawo muku tsaraba daga gida a bar su a Ingila.

Kwandon ɗaukar kyanwa ka fito da shi sati biyu kafin tafiya ka ajiye a falo a buɗe da tsohon zaninta a ciki, ta saba shiga da kanta. Ka tanadi ƙaramin faranti na ƙasar bayan gida, ruwa, tsumma, leda. Kar ka cika mata ciki da safen tafiya, kuma kar ka bata maganin barci da kanka. Abin da na fi jin tsoro shine buɗe ƙofar mota a tashar hutu alhali kyanwa na waje da kwando, daƙiƙa ɗaya ta isa, ka kafa wa yara doka tun daga gida. Lokacin zafi kuma kar a bar dabba a mota a rufe ko na minti goma ne, baki gare ta amma bazata iya kiranka ba.

In kudancin Faransa ko Sifen ko Italiya za ku, ka tambayi likita maganin kaska da na ƙananan ƙudajen da ke sa wa karnuka cuta a can. Doka bata tilasta ba, amma ni zan yi. Ka kira kamfanin inshorar dabbar ma kaji ko suna biya in abu ya faru a waje.

7. A bakin iyaka

Ka yi wa dabbar rajista tun lokacin sayen tikiti, ba a zuwa da ita kwatsam. Ka isa da wuri, aƙalla awa ɗaya kan lokacin da aka ce, domin akwai ofishin duba dabbobi daban da zaka fara biyawa kafin layin motoci. Za su miƙo maka na'ura ka shafa a wuyan dabbar da kanka, lamba ta fito su haɗa da takarda su duba ranaku. In komai daidai ne minti biyar baya kaiwa. Takardar asali suke so, hoto a waya baya aiki, amma ka ɗauki hoton kowane shafi ka ajiye saboda ɓacin rana. Ta ƙofofin da aka ware wa matafiya masu dabbobi ake shiga, manyan tashoshin da na ambata duk suna ciki.

8. Dawowa gida, inda masu kare ke faɗuwa

Mai kyanwa, kai naka da sauƙi, takardar da ka fita da ita zata dawo da kai in bata ƙare ba. Mai kare kuma sai ya ga likita a can ya ba karen maganin tsila, wanda ke da sinadarin praziquantel, ba ƙasa da awa 24 ba kuma ba fiye da awa 120 ba kafin ya shigo Birtaniya. Awa ake ƙirgawa ba kwana ba. Misali zaka shigo ranar Lahadi ƙarfe 2 na rana, to tsakanin Talata ƙarfe 2 na rana da Asabar ƙarfe 2 na rana za a ba shi. Ni Alhamis ko Juma'a da safe nake ba mutane shawara, in jirgi ya yi latti ko kun sauya zuwa na gaba kuna nan a ciki. Ka tuna agogon Faransa da Beljiyam da Jamus yana gaban na Ingila da awa ɗaya, kuma yawancin asibitocin dabbobi a can basa buɗewa Lahadi, da yawa ma Asabar da rana sun rufe, ga ranakun hutunsu da ba irin namu ba. Ka kama lokacin ganin likitan tun ranar da ka isa. Kuɗin yawanci yuro 30 zuwa 60 ne har da dubawa.

Likita ne zai ba shi da hannunsa ko a gabansa, ba kai zaka saya a kanti ka bayar a masauki ba. Kuma ya rubuta a cikin AHC ɗin: sunan maganin da kamfanin da ya yi shi, rana, da lokaci, da hatimi da sa hannu. Lokacin nan shi ake mantawa. Wani abokina an rubuta masa rana babu awa, a Calais aka tsayar da shi, sai da ya nemi wani likita a garin aka sake ba karen magani ya kama ɗaki suka kwana ya jira awa 24, ga aiki na jiransa Litinin. Kar ka bar teburin likita sai ka ga awa a rubuce.

In tafiyar gajera ce, kwana biyu ko uku, ana iya ba karen maganin tun a Birtaniya kafin ku fita, muddin awa 24 ta cika kafin ku dawo kuma baku wuce 120 ba. Wanda ya taso kai tsaye daga Ireland ko Finland ko Malta ko Norway baya buƙata.

Gargaɗi kan jirgin sama: wasu kamfanoni suna barin ƙaramar dabba ta fita daga Birtaniya a cikin jirgi kusa da ƙafarka, amma shigowa Birtaniya dole ta bi ɓangaren kaya da takardunta daban, a Heathrow akwai cibiya ta musamman da ake karɓarsu, kuma kuɗin yakan fi tikitinka. Shi yasa wasu suke sauka a Faris su hau mota ta Calais. In takardu basu cika ba ana iya killace dabbar har wata 4 kuma kai zaka biya kowace rana.

9. Ireland ta Arewa

Ita cikin Birtaniya take amma tsarinta daban. Tun 4 ga Yunin 2025 mazaunin Ingila ko Sikotland ko Wales takardar tafiya ta dabba kawai yake cikewa ta intanet, kyauta ce kuma ta har abada ce ga wannan dabbar, cip kawai ake buƙata. Sharaɗin shine bazaka wuce da ita Jamhuriyar Ireland ba. In daga Belfast zaka gangara Dublin, koma mataki na 3 ka bi hanyar AHC gaba ɗaya har da maganin tsila.

10. Mai son zuwa gida da ita, ko kawo ta daga gida

Wannan tambayar ma tana zuwa, musamman daga ɗalibai da iyalan da suka baro kyanwarsu a Kano ko Abuja yara na ta kewa. AHC bata aiki a nan. Fita zuwa Najeriya takardar fitarwa ake nema ta hannun APHA, hukumar kula da lafiyar dabbobi da tsirrai ta Birtaniya, OV ya sa hannu, sannan ka samu izinin shigo da dabba daga hukumomin Najeriya tun kafin ka tashi.

Shigowa daga can ita ce doguwa, domin Najeriya da Nijar da Ghana basa cikin jerin ƙasashen da aka sauƙaƙa wa, saboda haukan kare yana nan a wajenmu. Jerin haka yake: cip, sai allura, sai a jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jini a tura ɗakin gwajin da aka amince da shi, sakamakon ya nuna aƙalla 0.5 a ma'aunin ƙarfin rigakafin da ke cikin jinin, sannan a ƙirga wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin kafin dabbar ta taso. Kaga wata huɗu kenan mafi ƙaranci in komai ya tafi daidai, in gwajin bai kai ba a sake allura a koma farko. In daga nan zaka tafi da ita hutu gida kuma kana da niyyar dawowa da ita, ka yi gwajin jinin tun kana Birtaniya, ka zauna da OV ya tsara maka takardun dawowa kafin ka sayi tikiti.

Maroko ma haka take. Masu tuƙa mota har Sifen su ce bari mu tsallaka Tanja kwana biyu da kare ko kyanwa a mota, dawowa Sifen sai da sakamakon gwajin jinin nan, kuma a tashar jirgin ruwan za a tambaye ka shi. In baka yi shi tun a Birtaniya ba, ka bar dabbar a ɓangaren Sifen wajen masu riƙo ka je ka dawo.